Ballet: da wane suna za mu kira wannan rawa?

Masu fassarar fina-finai, malaman Hausa, da iyayen da katun ya hana su kallon labarai a gidajensu, ku matso. Ana neman sunan Hausa na ballet, rawar nan da ake yi a kan tsinin yatsun ƙafa, hannuwa a sama, ana kaɗa goge irin na Turawa da fiyano. Yaranmu sun riga mu saninta. Tun 2001 Barbie ta fara fitowa a fim tana yin ta, ga kuma 'yar ɓeran nan Angelina da ba ta da aiki sai ita. Rawar ta shigo falo ta talabijin da waya, amma duk wanda ya zauna zai juya irin waɗannan shirye-shirye zuwa Hausa, da ya iso kanta sai ya yi cirko-cirko.

Hanya mafi sauƙi ita ce aro, kamar yadda muka yi wa fim da bidiyo. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe, don haka sai mu ce "bale". Ni ban ƙi aro ba, amma wannan aron yana da ƙaya biyu. Ta farko, kunnen Bahaushe ya riga ya ba "balle" wuri. Yarinya a katun ta ce "ina son bale", yaron da ke kallo zai tsaya jiran ƙarashen magana: balle me?

Ta biyu ta fi girma, kuma 'yan uwanmu na Nijar ne suka ankarar da ni. A ƙasashen da Faransa ta mulka, "bale" ta daɗe da zama sunan ƙungiyar rawar gargajiya da ke hawa dandamali. A farkon shekarun 1950 Keita Fodéba, mutumin Gini, ya kafa Les Ballets Africains a Paris, da ganguna da kora (wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa), babu takalmin tsini ko ɗaya, daga baya ta zama ƙungiyar ƙasar Gini. Wasu ƙasashen suka bi sahu. Dattijon Damagaram ko Maraɗi da ya ga gasar matasa a zamanin Samariya, ƙungiyar matasan nan ta Nijar, in ka ce masa bale, samari da 'yan mata zai tuna cikin kayan gargajiya ana kiɗa musu ganga. Kalma guda, mai kallo a Kano ya fahimci abu ɗaya, na Tawa ya fahimci wani. Fim ɗin da aka fassara kuwa ba ya tsayawa a Jibiya a duba masa takardu.

To, ga sunayen da mutane suka kawo shawara, da amsata ga masu kawo su.

"Rawar Turawa": wace daga ciki? Suna da rawa iri-iri, kuma yau Kyuba da Sin da Japan duk suna da gwanayen wannan.

"Rawar yatsu": sai a zaci na hannu.

"Rawar sanɗa": Yaya, kin kusa, don akwai taku a hankali ba ƙara. Sai dai sanɗa ta maharbi ce da ɓarawo, mai yin ta yana duƙawa ne don kada a gan shi. Mai wannan rawa miƙewa take yi iya tsawonta don na kujerar ƙarshe ma ya gan ta.

"Rawar fada" kuma, Allah ya gafarta Malam, ta burge ni, don tarihi yana bayanka. A fadojin Italiya aka fare ta a ƙarni na 15, kalmar ma daga "ballare" ta fito, wato yin rawa da Italiyanci. Catherine de Medici, da ta auri sarkin Faransa, ta ɗaure mata gindi a can. Sarki Louis na 14 da kansa ya riƙa taka ta, a 1653 ya fito a matsayin rana yana ɗan shekara 14, a 1661 kuma ya kafa makarantar rawa ta masarauta. Shi ya sa har gobe, ko a Mosko ko a Legas, da Faransanci ake kiran sunayen takun. Amma rawar ta bar fada da daɗewa, ta koma gidajen wasa na masu sayen tikiti. Sannan in ka ce rawar fada a Katsina ko Zazzau, algaita da tambari za su faɗo wa mutum a rai.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "rawar ɗage".

Dubi yadda muke raɗa wa rawa suna. Ko dai da abin kiɗan, kamar rawar kalangu da rawar duma, ko da masu yin ta, kamar rawar 'yan tauri da ta maharba, ko da abin da ido ya fi kamawa. Wannan ba ta da ganga guda da za a jingina mata, ba ta kuma da wata sana'a. Saura ido. Me ido ke fara gani? Diddige ya bar ƙasa. Kowane yaro ya san ɗage, shi yake yi in zai leƙa ta katanga ko zai ɗauko abu a kan kanta. Ba sai an yi masa bayani ba.

An kawo suka biyu, kuma duka da nauyinsu.

Suka ta farko daga wani malami. Malam, ka ce maza ba sa hawa tsinin yatsu, kuma an yi fiye da shekara ɗari biyu ana rawar kafin mata su fara, tunda sai a 1832 gwanar rawar Marie Taglioni ta sa abin ya shahara a Paris. Gaskiya ne. Ko 'yan mata ba a ba su takalmin tsini sai sun kai wajen shekara 11 ko 12, an bari ƙashin ƙafa ya yi ƙwari. Amma ɗage a Hausa ai ba tsayuwa a kan farce ba ne. Ɗaga diddige ne a tsaya a kan gaban tafin ƙafa, kuma wannan kowa na yi a rawar, namiji da mace, babba da yaro. Ka sake kallon bidiyon Anthony Madu, yaron Legas ɗan shekara 11 da ya karaɗe duniya a 2020 yana juyi cikin ruwan sama a kan siminti. Babu takalmi a ƙafarsa sam. Duk juyin da ya yi, a ɗage ya yi shi, diddige a sama, ruwa na fantsama. Wannan bidiyon ne ya buɗe masa hanya har makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, Disney kuma ta fitar da fim a kan rayuwarsa a 2024. Hawa tsinin yatsu kuwa sai mu ce "ɗagen tsini", ya zama reshe a cikin ɗage.

Suka ta biyu daga wata Hajiya mai aikin jarida: a rubuce, ɗage na tsayuwa da ɗage na taro duk ɗaya ne, wata rana sai an buga "an ɗage rawar ɗage". Hajiya, a buga, ai daɗin karantawa ma zai yi. Muna zaune lafiya da gari na zama da gari na tuwo.

Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne kalmar tana haihuwa. Ballerina ta zama 'yar ɗage, namijin ɗan ɗage, jam'i 'yan ɗage, kamar 'yan dambe da 'yan Koroso. Takalmin ya zama takalmin ɗage. Af, ga masu cewa katako ne a bakinsa: ba katako ba ne. Ƙyalle ne da takarda ake jerawa hawa-hawa a manne da gam har su sandare, a rufe da yadin satin mai sheƙi. Mai rawar ce ke ɗinka masa igiyoyin da hannunta, takan kuma buga shi da ƙasa ko ta matse shi don ya yi laushi ya daina ƙara. Gumi da nauyin jiki ke kashe shi, har babbar 'yar ɗage na iya gama da sabon takalmi a wasan dare ɗaya.

Masu ɗora murya kuma ga garaɓasa. "Rawar ɗage" ta yi tsawo in za a bi motsin baki, amma da an ambace ta sau ɗaya a farkon shiri, sai a ci gaba da "ɗage" kawai: za ni ajin ɗage, malamar ɗage ta iso. Gaɓa biyu ce kamar ta asali, wasulan ma iri ɗaya.

Sai abin da na roƙe ku da girman Allah kada ku ara. Siket ɗin nan gajere da ke tsayawa a baje kamar faifai, sunansa a wurinsu tutu. Ranar da uwa a katun ta ce wa 'yarta "je ki ɗauko tutunki", an gama kallo a gidan, yara za su kwana suna dariya. Siket ɗin ɗage ya wadatar.

Kalmar da ta rage ban warware ba ita ce choreographer, wato wanda ke ƙirƙiro takun rawa. A Kannywood "mai koyar da rawa" ake cewa, amma a wannan fage wanda ya ƙirƙiro takun daban, wanda ke horar da masu yi kullum daban. Marius Petipa, Bafaranshen da ya yi shekaru da yawa yana aiki a Rasha, ya rasu tun 1910, kuma har yau takun da ya shimfiɗa ake koyarwa. Na fi karkata ga "mai tsara rawa". Masu aiki a bayan kyamara, ku da kuke kiran mutumin nan kullum a lokeshan, me kuke ce masa?