Shawarwarin da aka bayar kan tsugunar da makiyaya

Abin da aka fi nanatawa shi ne kar a tayar da kowa sai da yardarsa, kuma a ba su takardar fili a hannu tun kafin su tashi, don wallahi alƙawarin baki ba ya hana wani zuwa gobe da satifiket ya ce wurin nasa ne. Wasu sun ce takardar ta zama ta al'umma gaba ɗaya kar talauci ya sa a dinga yanka ana sayarwa, ni ma nan na tsaya. Burtali da mashaya su shiga taswira, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) mai lamba 169 ta 1989 ma ta ce a kula da haƙƙin masu yawo kan filayen da suka saba amfani da su. Rijiya, makaranta da likitan dabbobi kuma su riga mutane isa.