Kankanata ta yi fure amma ba ta ɗaura 'ya'ya ba: zafi ne ya kori ƙudan zuma?

Manomin Kura:
Assalamu alaikum. Ina noman rani a yankin Kura, kuma bana na makara wajen shuka kankana, har furenta ya faɗo tsakiyar watan Afrilu. Ta yi yaɗo da kyau, ta cika da fure, amma 'ya'yan da suka ƙullu kaɗan ne, wasu kuma sun fito a karkace. Na lura ƙudan zuman da ke cika gonar da hantsi sun ragu ƙwarai. Shin zafin bazara ne sanadi?

Mai Amya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba gudu suka yi ba, aiki ne ya canza musu. Ƙudan zuma suna riƙe ɗumin wurin 'ya'yansu a kusan digiri 35, saboda haka idan rana ta haura 40, da yawa daga cikin masu fita kiwo sukan bar fure su koma ɗibar ruwa, suna shafa shi a saƙa, wasu kuma suna fifita da fukafukai. Na sha ganinsu da azahar sun yi cincirindo a bakin amya, ƙarar fifitar tana tashi kamar ta injin nesa. Bara amyata ɗaya da ke cikin rana saƙarta ta yi laushi ta zube, ƙudan suka tashi, abin ya yi mini ciwo. Ka ajiye musu ruwa a kasko a inuwa, ka zuba tsakuwa domin kada su nutse.

Malamin Gona:
Bayanin Mai Amya daidai ne, sai dai furen ma yana shan wahala. Kankana tana da fure namiji da fure mace daban-daban, kowanne yini ɗaya yake buɗewa, kuma macen tana bukatar ƙuda ya sauka a kanta sau da dama kafin ɗan ya cika sosai. Wannan ne dalilin karkacewar da ka gani. Zafi mai tsanani kuma yana raunana garin furen, wato ƙurar da ƙudan ke ɗaukowa daga fure namiji zuwa fure mace. Ina roƙonka ka daina feshin maganin ƙwari da safe, ka bari sai yamma bayan furen ya rufe.

Manomin Kura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gaskiya da sassafe nake feshi. Baɗi zan shuka da wuri, in Allah ya yarda.