Haɗa alamomin hotuna a ƙaramar na'ura: ina memorin yake tafiya?

Mai Ƙaramin Jirgi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 3 mai RAM gigabayit 1, ina so ya riƙa gano inda hoto ya yi tarayya da na bayansa cikin hotunan da jirgina marar matuƙi yake ɗauka. SIFT na OpenCV na saka, wato dabarar fitar da alamomin da ake gane wuri da su a hoto, wadda take cikin manhajar sarrafa hotuna ta OpenCV. Hoto biyu kacal na ba shi, shirin ya mutu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne lissafin: kowace alamar SIFT lamba 128 ce, kowace lamba bayit 4, wato bayit 512. Alama 10,000 ba ta wuce megabayit 5 da 'yan kai ba. To ina sauran ya shige? Wanda ya taɓa faɗawa wannan rami ya gaya mana yadda ya fito.

Tsohuwar Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi girman hoton ba, kuma ina zargin a nan gizo yake saƙar. Ni ma na kwana biyu ina zargin alamomin, ashe tun kafin a samu ko da alama ɗaya an cinye memorin. SIFT, yadda David Lowe ya bayyana shi a 2004, yana fara ninka tsawo da faɗin hoton. Hoto mai fiksel 4000 da 3000 sai ya koma 8000 da 6000, fiksel miliyan 48, kowanne bayit 4. Megabayit 192 ke nan. Kuma ba kwafi ɗaya ba ne: a matakin farko na dalar da yake ginawa akwai kwafi 6 masu dishi-dishi da 5 na bambancin da ke tsakaninsu. Ninka 192 sau 11 ka gani, ya haura gigabayit 2. Ni na rage hoton zuwa faɗin fiksel 1000 kafin komai, shi ke nan aka daina kashe min shiri. Na yi asarar ƙananan alamomi, amma galibinsu ganyaye ne da yashi, ba su da amana tun asali.

Ɗalibin Robot:
Nawa ciwon daban ne. Na ce zan nuna bajinta, na rubuta kwatancen da kaina a NumPy, kayan lissafi na yaren Python, na sa ya auna tazarar kowace alama da kowace alama lokaci guda. Alama 20,000 a nan, 20,000 a can, tebur mai gida miliyan 400, gigabayit 1.6. Maganin ya ba ni kunya saboda sauƙinsa: a ɗebi alama 500, a nemo wa kowace biyun da suka fi kusa da ita, a ajiye su, a zubar da teburin, a ɗebi na gaba. Biyun nan su kaɗai gwajin Lowe yake buƙata, inda ake watsar da haɗin da tazarar na farko ta wuce 0.8 na tazarar na biyu.

Mai Ƙaramin Jirgi:
Yaya, kin taɓo wurin. Megafiksel 12 ne hotunan nawa.

Malam Allon Waya:
Ni tuni na rabu da SIFT a ƙananan na'urori, na koma ORB, wata dabarar fitar da alamomi mara nauyi, wanda masu bincike na kamfanin Willow Garage suka fitar a 2011. Alamarsa bit 256 ce, bayit 32, kashi ɗaya cikin 16 na SIFT. Kwatanta biyu kuwa ƙirga bit ɗin da suka saɓa ne kawai, tazarar Hamming, abin da na'ura take yi cikin ƙiftawar ido. Amma in gaya muku gaskiya, ya ba ni wahala a kan rufin kwano da fili mai ciyawa. Alamomin duk suka taru a kusurwa ɗaya mai gine-gine, RANSAC, dabarar da ke tace haɗin ƙarya don daidaita hotunan, ya fitar min da hoto a karkace. Sai da na yanka hoton gida-gida, na tilasta wa kowane gida ya kawo kasonsa. Alama 1,500 a warwatse sun fi min 5,000 a cunkushe.

Tsohuwar Hannu:
Malam, ban yarda a yar da SIFT da wuri haka ba. In jirgin yana sauya tsayi, SIFT ya fi ORB riƙe amana nesa ba kusa ba. Kuma lambobinsa daga 0 zuwa 255 suke, ana iya ajiye kowace a bayit 1, alama ta dawo bayit 128 ba tare da an rasa komai ba. Haƙƙin mallakarsa ma ya ƙare a 2020, shi ya sa ya shigo babban ɓangaren OpenCV tun 4.4.

Mai Taskar Hotuna:
Ku kuna maganar hoto biyu, ni 5,000 aka zube min. In an ce kowane a gwada shi da kowane, haɗi kusan miliyan 12 da rabi ne. Na fara da FLANN, manhajar neman alama mafi kusa cikin sauri, ina murna, sai na ga bishiyoyin bincike da yake ginawa su ma nauyi ne a kan alamomin. Abin da ya cece ni shi ne dabarar da Jégou da Douze da Schmid suka wallafa a 2011, wadda take cikin manhajar bincike ta Faiss: a raba lambobi 128 gida 8, kowane gida a maye shi da lambar wakili ɗaya cikin 256. Alama ta koma bayit 8. Da wannan nake zaɓo 'yan hotunan da suka yi kama, sannan in ɗauko cikakkun alamominsu daga faifai in tantance. Mai Jirgi, kai da hotunanka suke zuwa a jere ma ba ka buƙatar wannan, ka gwada kowane da uku ko huɗun da suka biyo shi kawai.

Mai Ƙaramin Jirgi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rage faɗin zuwa 1200, na ƙayyade alama 2,000, na bar SIFT ɗin. Yanzu yana gamawa ba ya mutuwa, sai dai Raspberry Pi ɗin yana zafi har yana rage gudu da kansa. Gobe zan gwada ORB da yankan gida-gida a kan hotunan gonar da suka fi ba ni matsala. Malam, gida nawa kake yanka hoton?