Wakilan ƙwadago da ruwan jima a masana'antun fata na Kano

Idan wakilin ma'aikata yana son manaja ya gyara yadda ake zubar da ruwan jima, shawarar ita ce ya fara da rubutu: litar dizal nawa janareta ke sha a mako, ina ruwan jima ke malala. Manaja ya fi jin maganar kuɗi.

A masana'antun Challawa da Sharaɗa, a matsa a raba magudanar ruwan kuromiyom (sinadarin da ake jima fata da shi) da ta ruwan cire gashi. Idan ruwan kuromiyom mai tsami ya gamu da sinadarin salfayid da ke cikin ruwan cire gashi, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, kuma tana kashe masu yashe rami. Kuromiyom ɗin ma ana iya tace shi a sake jima da shi.

Alƙawarin baki yakan tafi da manajan da ya yi shi, don haka a sa shi cikin rubutacciyar yarjejeniya. In an ƙi, a kai ƙara ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli.