Na yi wa shanu allurar boru amma sun kamu, ina matsalar take?

Ɗan Ruga: Assalamu alaikum. Bara da damina na sa aka yi wa shanunmu 14 allurar boru, ciwon baki da kofato. Bayan wata bakwai sai ga farar saniyar Baba tana dalalar da yawu kamar zare, ƙurajen harshenta sun fashe, tsakanin kofatonta ya tsage, ko tashi ba ta yi. Maruƙa biyu suka mutu a sati guda. Baba ya rantse allurar ce ta kawo cutar, ya ce ba za a sake ba. Don Allah, gaskiya ne?

Likitar Dabbobi: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Ba allurar ba ce, ɗan'uwa. Kariyarta ba ta cika wuce wata shida ba, taku ta riga ta yi sanyi. Sannan ƙwayar cutar iri bakwai ce, a Najeriya an samu O da A da SAT1 da SAT2, kuma allurar wani iri ba ta kare wani. Ga zafi: in kwalba ta sha rana, ƙwayar da ke ciki tarwatsewa take yi, garkuwar jikin saniya ba za ta gane ta ba.

Ɗalibi a Zariya: Amma Likita, tsoron Baba yana da tushe, sai dai haɗarin a masana'anta yake. Ana fara noman ƙwayar da ranta, da yawa, kafin a kashe ta. A 2007 ƙwayar ta kuɓuce daga harabar Pirbright a Ingila, inda ake binciken cututtukan dabbobi da haɗa allurar, ta kama shanun makwabta. Shi ya sa a 2013 masu bincike a can suka sanar da haɗa ɓawon ƙwayar zalla, ba komai a cikinsa, kamar kwasfar gyaɗa. Jiki zai gan shi ya shirya yaƙi, shi kuma ba zai hayayyafa ba. Har ƙarfafa shi suka yi don ya jure zafi. Wannan ne nake wa addu'a ya iso mana.

Ɗan Ruga: To kafin nan fa? Saura 12.

Likitar Dabbobi: Ka raba masu ciwon da sauran, har wurin shan ruwa, kada ka kai kowa kara. Ka kira jami'in dabbobi ya ɗebi samfur a tura cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, a gane irin ƙwayar. Ka ba ni Baba a waya in ya yarda, zan yi masa bayani da kaina.