Argungu ban da bikin kamun kifi: ƙasarta, tarihinta da jama'arta

Malamin Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin nazarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma a wannan zangon ina so ɗalibaina su ɗauki ƙaramar hukuma guda ɗaya ta manoma su san ta ciki da waje, maimakon haddar sunayen jihohi da manyan biranensu. Na zaɓi Argungu ta Jihar Kebbi. Abin da ya dame ni shi ne, kusan duk rubutun da ake yi a kanta bai wuce bikin kamun kifi ba, alhali bikin 'yan kwanaki ne kawai, mutanen kuwa suna nan rani da damina. Ina roƙon waɗanda suka san yankin su yi mini bayani a kan yanayin ƙasar, da dalilin da ya sa Kabawa suka kafa sarautarsu a wurin, da yawan jama'ar da abin da suka dogara da shi.

Bakabe Mazaunin Sakkwato ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ka nuna wa ɗalibanka cewa ƙaramar hukumar Argungu daban take da masarautar Argungu. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Argungu da Augie da Arewa mai hedkwata a Kangiwa da Dandi mai hedkwata a Kamba, kuma Arewa da Dandi suna kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ita ƙaramar hukumar ta haɗa garin Argungu da garuruwa irin su Gulma da Alwasa da Lailaba da Sauwa, tana kan hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato.

Wanda bai fahimci gulbi ba, ba zai fahimci Argungu ba. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, ruwan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, sannan ya karkata kudu ya faɗa kogin Kwara. A wajen Argungu gulbin ba ya tafiya a hanya ɗaya. Yana rarrabuwa ne cikin fadama mai faɗin kilomitoci, yana barin tafkuna da rassa, ɗaya daga cikinsu shi ne Matan Fada inda ake bikin. Saboda haka ƙasar iri biyu ce: fadama mai laka da ruwa ke malalewa a kanta duk shekara, da tudu mai yashi inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa. Damina gajeriya ce, galibin ruwan yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, zafin watan Afrilu kuma yakan haura digiri 40.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar kimanin mutum 200,000, a cikin jihar da ke da sama da miliyan 3.2 da ƙananan hukumomi 21. Ba a sake ƙidaya ba tun lokacin, domin an ɗage wadda aka shirya yi a 2023, don haka duk wani sabon adadi da ka gani hasashe ne da aka ɗora a kan na 2006.

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan tunani. Zan ɗauki ɓangaren tarihi, domin a ganina shi ne yake bayyana dalilin da ya sa gari ya tsaya a gefen wannan fadama.

Argungu ba ita ce cibiyar Kabawa ta farko ba. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai ta Askiya Muhammadu wajen 1516, a Surame ya kafa birninsa, kuma har yau kufan ganuwar Surame na nan a cikin Jihar Sakkwato. Daga baya sarautar ta koma Birnin Kebbi, ta zauna a can har 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Wani sashe na Kabawa ya yi mubaya'a, wani sashe kuwa ya ƙi, kuma waɗanda suka ƙi ɗin su ne suka tattaru a Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato inda ya shafe shekaru masu yawa, har ya dawo ya ɗaga tutar tawaye a 1849 tare da Arawa da Dandawa da Zabarmawa.

Abin da nake so ɗalibanka su lura da shi shi ne yadda ƙaramar ƙasa, wadda Sakkwato ke gabas da ita Gwandu kuma ke kudu, ta riƙe 'yancinta fiye da shekara hamsin. Jarumtar mutane na ciki, ba shakka, amma fadama ta yi nata aikin, domin doki ba ya sukuwa a cikin laka, kuma idan ruwa ya cika, mai kwalekwale da ya san mashigai ya fi mai dawaki dubu. Haka kuma mutanen da ke da shinkafa da kifi a bayan ganuwarsu ba a saurin karya su da yunwa. An yi sulhu a shekarun 1860 zamanin Sarki Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, amma bai ɗore ba. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo yaƙi da kansa har Argungu, Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama kuma ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, ya kore shi.

Zuwan Turawa ya tsayar da yaƙin, amma ya zo da nasa rashin, saboda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar wani yanki mai faɗi na ƙasar Arawa, har da Dogon Dutse, a ɓangaren Faransa, shi ya sa har gobe akwai dangi da auratayya a tsallaken iyaka. Bikin kamun kifin ma daga wannan tarihi ya samo matsayinsa na yau, domin a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su, wato kamun kifi, a matsayin alamar cewa gaba ta ƙare. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Idan da hali, ka kai ɗalibanka gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce kuma a nan ake binne su.

Hajiya Mai Shinkafa ta amsa:

Malam, waɗanda suka riga ni sun yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin an yi wa fadamar magana kamar har yanzu yadda take a zamanin Sama take, alhali ta canja ƙwarai. Iyayenmu sun noma shinkafar gargajiya mai tsawo, wadda take bin ruwa tana tashi yayin da gulbi ke cika, sau ɗaya a shekara. Tun da aka gina madatsar Bakolori a ƙarshen shekarun 1970 da ta Goronyo a farkon shekarun 1980, cikar gulbin ta daina bin damina kaɗai, ta koma bin lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsa. Wata shekarar ruwan ya yi kaɗan, masunta su koka da ƙarancin kifi, wata shekarar kuma ya zo gaba ɗaya ya shanye gonaki, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020.

Abin da ya riƙe jama'a yanzu shi ne noman rani. Ruwan ƙasa a fadama ba shi da nisa, manomi yakan haƙa 'yar rijiya ya sa injin ban ruwa, ya shuka iri mai saurin nuna irin su Faro 44, ya girbe kafin damina. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, abin da ya ƙara wa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, kasuwa. Amma injin da fetur yake aiki, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin ban ruwa ya zama babban nauyi ga ƙaramin manomi, ga tsadar taki, ga tsuntsayen jan baki da ke sauka a gona idan shinkafa ta fara ƙosawa. Masu hali suna komawa injin hasken rana, marasa hali suna rage gona.

Ina kuma roƙonka kada ka manta da mata a darasinka, domin turara shinkafa da shanya ta da kai ta inji da auna ta a kasuwa, yawancinsa aikinmu ne, kuma da shi gidaje da dama suke biyan kuɗin makaranta. Haka nan jama'ar ba Kabawa ba ne kaɗai. Akwai Fulani makiyaya da ke sauko da shanu fadama da rani, akwai Arawa da Zabarmawa, akwai masu zuwa aikin dashe da yanka daga ƙauyukan tudu su koma idan an gama. Wannan kai-komo ƙidaya ba ta kama shi, don haka yawan mutanen da ke cin abinci daga fadamar Argungu a watan Maris ya zarce na waɗanda aka rubuta a matsayin mazauna.

Malamin Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Hajiya, zan sa ɗalibai su zana taswirar gulbin tun daga Goronyo da Bakolori har zuwa Kwara kafin mu shiga tarihin sarakuna. Idan akwai manomi a nan da zai faɗa mana sau nawa ake ba shinkafar rani ruwa a mako, da yadda ake hayar gona a fadama, zai taimaka wa darasin mako mai zuwa.