Muhawara: Kujerar ciyaman ce ta gina Wike ko rigar lauya?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Jiya wani abokina ya kafe a kan cewa Nyesom Wike, wanda Shugaba Tinubu ya naɗa ministan Abuja a 2023, ba karatun lauya ne ya kai shi inda yake ba, shekarun da ya yi yana shugabantar ƙaramar hukumar Obio-Akpor ta jihar Ribas, daga 1999 zuwa 2007, su ne suka gina shi. Ina neman ra'ayinku.

Tsohon kansila: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya. Duk wanda ya taɓa zama a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san cewa ciyaman ne yake riƙe da shugabannin mazaɓu, da matasa, da matan kasuwa, da daliget ɗin da suke tsayar da ɗan takara. Obio-Akpor kuwa ba ƙauye ba ce, domin tana manne da Fatakwal kuma tana cikin mafi yawan jama'a a ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ban yarda cewa digirinsa Rotimi Amaechi, gwamnan jihar na wancan zamani, ya duba ba lokacin da ya ɗauke shi shugaban ma'aikatan fadar gwamnati.

Barista: Alhaji, ina girmama ƙwarewarka, amma ka tsallake abu mafi muhimmanci. Siyasar Ribas a kotu ake ƙarasa ta. Shi kansa Amaechi ba a ranar zaɓe ya samu kujerar gwamna ba, Kotun Ƙoli ce ta cire Celestine Omehia ta ba shi a watan Oktoba na 2007. Haka nan bayan Wike ya ci zaɓen gwamna a 2015, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasararsa, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta, sai a Janairun 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerar. Mutumin da ya san yadda shari'a take tafiya ba ya firgita idan ya faɗi a matakin farko.

Hajiya: Barista, ka yi haƙuri, amma ai ba shi ne ya tsaya gaban alƙalai ba, manyan lauyoyi ya ɗauka kamar yadda kowane gwamna yake yi. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne rigimarsa da Siminalayi Fubara, wanda ya gaje shi. Da rikicin ya yi tsanani, a kan kujerun ciyamomi aka fi ja-in-ja, saboda kowane ɓangare ya san cewa wanda ya riƙe su shi ne yake da jihar.

Barista: To, Hajiya, a ina aka warware batun? Zaɓen ƙananan hukumomin da gwamnatin Fubara ta gudanar ranar 5 ga Oktoba 2024, Kotun Ƙoli ce ta rushe shi a Fabrairun 2025.

Tsohon kansila: Ta rushe shi, Barista, ban musa ba. Sai dai ka gaya mana, a cikin dubban lauyoyin da suke Fatakwal, waɗanda wasunsu sun fi Wike daɗewa a gaban alƙali, mutum nawa ne mafi yawan 'yan majalisar dokokin jiha suka bi kamar yadda suka bi shi bayan ya bar gidan gwamnati?